Littafin bazara: yadda aikin ke tafiya a Tawa

Asabar, 8 ga Maris 2025

Azumi ya ɗan miƙa. Ƙanwata da ke aure a Faransa ta turo mini hotuna ta WhatsApp na wani littafin liƙe-liƙe da take haɗawa: takarda mai kauri, kowane shafi da hoton ɗiyarta, an kewaye shi da busassun furanni, ƙyallaye, maɓallai da ɗan rubutu a gefe. Duka a kan lokacin da suke kira printemps. Ta ce, "Yaya, ke da Allah ya ba hannu, ki yi wa ɗiyarki irinsa, amma na bazarar gida. In mun zo hutu cikin Yuli ta gani." Yarinyar, wato ɗiyar ƙanwar tawa, shekararta bakwai, can aka haife ta, zuwanta Tawa biyu kuma duka cikin damina.

Na ce to tun kafin in yi tunani. Sai bayan tarawi na sake duba hotunan, na ga na ɗauko wa kaina kaya. A lakkwal, in yara suka tambaye ni ma'anar printemps, bazara nake ce musu don babu wata kalmar da ta fi kusa. Amma tasu fure ce da ɗanyen ganye bayan sanyi. Tamu zafi ce da ƙura, rijiya ta yi ƙasa, kowa ido ya koma gabas. In na sayo furen roba a kasuwa na manna, ƙarya zan liƙa wa yarinya. Don haka na kafa wa kaina doka guda: ba abin da zai shiga littafin nan sai wanda bazarar Tawa ta yar da kanta, ko wanda hannunmu ya taɓa cikinta.

Lahadi, 16 ga Maris

Na shiga kasuwa da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Na samo takardar Canson guda ashirin, irin ta zanen yara, da takardar kalke, mai shara-shara ta kwafar zane, guda biyar, da kwali mai kauri na bango. Littattafan da ƙanwata ke amfani da su murabba'i ne, wajen santimita 30 kowane gefe. Ni na tsaya a kan girman A4, 21 da 29.7, don shi ake samu nan, kuma hoton 10 da 15 yana zama a kai har ya bar wurin rubutu.

Abin da ya fi cin tunanina shi ne abin liƙi. Na yanka takardu huɗu na gwaji, kowace na manna mata ganye da ɗan ƙyalle: ɗaya da kol na sanda irin na yara, ɗaya da salatif, ɗaya da kokon fulawa, ɗaya da ƙaron dakwara da na jiƙa kwana guda na tace da tsumma. Ƙaron na sayo shi wurin masu kayan tawada, na dala arba'in, shi ne dai wanda almajirai ke sa wa tawadar allo don ta kama. Na jera su a bakin taga ta yamma, inda zafi ya fi muni. Wanda ya rayu zuwa Mayu shi ne nawa.

Asabar, 22 ga Maris

Shafi na farko ya samu, kuma bai ci ko dala ba. Dogon yaron ƙofar gidanmu ya yi fure. Da rana ba wanda ke lura da shi, 'yan ƙananan farare ne kamar an watsa tsaki, amma in an taso daga masallaci da dare ƙamshinsa na tare mutum tun daga bakin lungu. Na tsinko reshe uku, na shimfiɗa tsakanin takardun tsohon kaye, na sa ƙarƙashin buhun hatsi. Ƙanwata ta ce can sai an yi mako biyu ko uku kafin fure ya bushe. Nan kwana biyar ya yi ƙayau. Farin ya koma launin shayi da madara, ban damu ba.

A ƙasan shafin na rubuta wa yarinyar cewa icen nan ma baƙo ne, asalinsa daga Indiya, ga shi yau babu titi a Tawa da ba ya ba inuwa. Ina so ta karanta wannan, ita da ake kira 'yar Faransa in ta zo nan, a kira ta 'yar Nijar in ta koma can.

Ragowar ganyen zan riƙa sawa tsakanin shafuka, kamar yadda tsofaffi ke sa shi cikin akwatin tufafi saboda ƙwari.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sallah ta wuce lafiya. Tun daren jajibere na bar wa telanmu leda, na ce kada ya share ƙyallayen ɗinkin gidanmu. Ya dube ni ya ce, "Madam, ko ɗiyar tsana za a ɗinka wa?" Na samo goma sha ɗaya: shaddar maigida, atamfar Inna, leshina, yadin yara. Na yanka kowane kamar akwatin ashana, na jera su layi uku, na rubuta sunan mai shi a ƙarƙashi. Hoton da muka ɗauka a tsakar gida yana tsakiya, don ta riƙa neman kowa da rigarsa. A shafin da ke kallonsa na ɗora hannun ƙaramar ɗiyata kan kalke na zagaye shi da biro, na kwafe zanen lallenta da ragowar lallen. Ya kama takarda ja-ja, ya fi yadda na zata.

Tun ranar Lahadi agogonsu ya yi gaba da namu da awa guda, haka suke yi ƙarshen Maris kowace shekara. Na kira a lokacin da muka saba, na tarar yarinya ta yi barci.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mijin yayata ya dawo daga Galmi da buhun albasa, lokacinta ne, manyan motoci sai lodi suke zuwa Abijan da Akara. Albasar Galmi ita ce furenmu na Afrilu in ana maganar launi, don haka na ba ta shafi biyu. Ɓawon na waje, mai sheƙi kamar alharini, na yanyanka shi na jera a da'ira kamar fure. Yana da saurin karyewa. Sai da na fara shafa masa ruwa kaɗan da yatsa kafin in danna shi, sannan ya kwanta.

Sauran ɓawon na tafasa, na tsoma takarda ina sa ran shuni-shuni. Ta fito launin ƙasa. To, ƙasar ma tamu ce, na ajiye. Zoɓo ne ya ba ni mamaki. Ruwansa ja wur a kofi, da ya bushe kan takarda sai ya juya ya yi shuɗi-shuɗi, da na ɗiga masa ruwan kanwa kuma wurin ya koma kore-kore. Yara sun taru suna cewa dabo ne. Na rina takarda shida, uku sun lanƙwashe don ban danne su ba. A rina, a bari ta sha iska rabi, a sa ƙarƙashin nauyi tun da sauran danshi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yau akuya ta cinye mini aikin kwana uku.

Na fita bayan gari ranar Laraba da yamma na tsinto 'ya'yan gawo, waɗannan naɗaɗɗu masu ruwan lemo, da ganyensa. Na tsara shafin, na shanya shi kan tabarma, na shiga ɗaki ɗauko almakashi. Kafin in fito ta gama da 'ya'yan, ta fara da takardar. Laifina ne, wa ke ajiye 'ya'yan gawo gaban akuya cikin rani? Masu kiwo da kuɗi suke sayensu a mudu.

Inna tana zaune gindin bango tana ja da carbi, ta ga komai, ba ta ce uffan ba sai da na gama faɗa. Sannan ta ce, "Ke wanga aiki naki, mi za ki hwaɗa ma yarinya bisa gawo?" Na ce zan ce mata ice ne mai ƙaya. Ta ce, "Kayya. Ki ce mata shi ɗai ne icen da ya ƙi ruwan Allah." Daga nan ta shiga ba ni labari, ni kuma na jawo biro. Duk itatuwa suna jiran damina su yi ganye, shi kuwa gawo da damina yake zubar da nasa ya tsaya tsirara, sai rani ya kama ya yi kore shar. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona. Ba ya tare wa hatsi rana lokacin da hatsi ke son ta, ganyen da ya zubar taki ne, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani su ma sun bar nasu takin. Ta ce a gonar mahaifinta, wajen Ilela, zangarniyar gindin gawo daban ake ɗaure ta don iri.

Na san rabin wannan daga littafin kimiyya na aji, amma ban taɓa jin an faɗe shi haka ba. Na sake shafin da ganye kawai da ɗa guda da na tsaga biyu don kada ya kumbura littafin, na rubuta maganar Inna da Adarancinta yadda ta faɗa, ban gyara ko harafi ba. Daga yau kowane shafi sai na nemi bakinta a kai. Hoton akuyar ma ya shiga, a kusurwa, da ragowar takardar da ta bari.

Laraba, 30 ga Afrilu

Wannan tun Maris nake jiran sa. A Tawa, ƙarshen Afrilu rana take bi ta tsakar ka sosai, sai kuma ta sake cikin Agusta. Wajen sha biyu da rabi da 'yan mintoci na tsayar da yaran gida a fili, na kafa taɓarya kusa da su, na ɗauki hoto. Taɓarya ba inuwa, yara kuma inuwarsu ta shige ƙarƙashin takalmi. Minti biyu suka yi suka watse suna tsalle, ƙasa na ƙona su ta cikin silifa.

A Faransa rana ba ta taɓa hawa haka, ko tsakiyar Yuni. Shafin zan bar shi fari fat, hoto guda a tsakiya, layi guda a ƙasa: ranar da inuwa ta ɓuya. Ƙanwata ta ce ya yi fayau, in ƙara masa ado. Na ƙi. Gobe 1 ga Mayu, ta ce can ana ba juna wani ɗan farin fure mai kamar ƙararrawa.

Talata, 6 ga Mayu

Ban taɓa littafin ba kwana shida. Kuran, wato wutar lantarki, na zuwa yana tafiya, gumi na ɗiga kan takarda, dare ma a tsakar gida muke kwana.

Na dai duba gwajin taga. Kol na sanda ya saki, ganyen ya faɗo da kansa. Salatif ya yi rawaya, ya narke ya bar maiƙo. Kokon fulawa ya riƙe, amma tururuwa sun yi masa layi, kuma inda tururuwa ta je gara ba ta nesa. Ƙaro ya riƙe tsaf, sai ɗan tsagewa inda na cika shi. Ƙaro ke nan, a shafa siriri. Ƙyalle mai nauyi kuma farin kol na kafintoci. Hotuna ba na sa musu komai a baya, ina tsaga kusurwa huɗu a takarda in soke su, don a iya zarewa.

Asara guda: rasiɗin kantin da na sayi ƙanƙara da shi ranar Sallah, na ajiye don shafin zafi, ya yi baƙi ƙirin. Irin takardar nan ta inji da zafi take rubutu, zafi kuma ke kashe ta. Da na sani na kwafe shi tun farko.

Asabar, 17 ga Mayu

Shamuwa ta iso! Ranar Alhamis ɗana ya shigo da gudu ya ce biyu sun sauka kan babban icen bayan masallaci. Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, baƙin damana sun zo." Tun daga kudancin Afirka suke tasowa, su zo su yi sheƙa cikin gari kusa da mutane, kuma ba yaron da ya isa ya jefe su. Hoton waya bai fito da kyau ba, ɗigo biyu baƙaƙe kawai. Sai na yanko siffarta daga ƙyallen baƙar shadda, cikin kuma da farin yadi, ƙafafu da zare. Ɗana ya ce zai hau ya samo mini gashinta. Inna ta ce in ya hau, ita da shi ne. Jiya da safe ya tsinci guda a ƙasa, shi na soke da zare, ɗinki biyu.

Atamfar ranar mata ta 13 ga Mayu ma ta samu gefen shafi. Na rubuta mata cewa a ranar ce, a 1991, mata suka yi tattaki a Yamai don a ba su wuri a shirin taron ƙasa. Uwarta za ta ƙara mata bayani.

Na so in sa furen tumfafiya, yana da kyau, fari da shuni. Na fasa. Nononta in ya shiga ido masifa ne, littafin kuma hannun yara zai shiga.

Alhamis, 29 ga Mayu

Jiya da la'asar gabas ta yi ja kamar an kunna wuta. Kafin mu kwashe shanya iska ta iso, gari ya yi duhu, kwanon rufi na kuka. Kowa na gudu ɗaki, ni na fita da takardar zoɓo guda na danne ta da duwatsu huɗu a tsakar gida. Maigida ya leƙo ya ce, "Malama, lafiyarki kuwa?" Bayan ƙura aka yi yayyafi, bai kai a jiƙa kallabi ba. Na ɗauko takardar: ɗigo ashirin da uku, kowane ya bar farin tabo da jan baki na ƙura. Ban taɓa yin shafin da ya kai wannan ba, kuma ba ni na yi shi ba.

Rairayin da na share daga bakin taga ya cika gwangwanin tumatir. Na rubuta kalmar bazara da ƙaro a kan takardar albasa, na barbaɗa shi, na kakkaɓe. Sai an rufa masa kalke, in ba haka ba zai goge hoton da ke kallonsa.

Talata, 10 ga Yuni

Layya ta wuce, ruwa shiru. Wasu sun yi binne, sun zuba iri cikin busasshiyar ƙasa suna jiran Allah. An fita roƙon ruwa. Kullum hadari ya haɗu da yamma, iska ta watsa shi.

Na rasa yadda zan liƙa jira a takarda. Na gwada zanen gajimare da auduga, ya yi kama da aikin 'yan aji ɗaya, na yage. A ƙarshe na ɗebo ƙwayar hatsi daga irin da Inna ta ware, na manna su layi-layi da tazara irin ta ramin sungumi, bakwai-bakwai. Saman shafin babu komai. Na tambayi Inna abin da zan rubuta. Ta daɗe tana kallon shafin, ta ce, "Bar shi hakanan. Mu ma ba mu cewa komi."

Alhamis, 19 ga Yuni

An yi ruwa daren jiya, tun bayan isha har kusan asuba. Indararo ya zuba, kwaɗi da ban san inda suka kwana wata tara ba suka cika unguwa da kuka. Da safe maƙwabcinmu ya tona ƙasa da hannu ya ce danshi ya wuce tafi, ya saɓa sungumi. Kafin hantsi gari ya watse, duk an tafi shuka. Ajina yau rabi ne.

Da magariba shinge suka fito suka rufe fitila. Yara na kamawa, ni ina tsintar fukafukan da suka zubar. Ba su da nauyi ko kaɗan, numfashi ma na tashinsu, sai da tsinken tsintsiya mai ɗan ƙaro a baki na ɗauke su ɗaya-ɗaya. Arba'in da wani abu na jera kan takarda mai duhu, kamar ruwa na saukowa a karkace. Ya ci mini awa biyu da ciwon wuya.

Abin da ya gagare ni shi ne ƙamshin ƙasa, wanda shi ne kan maganar duka. Sai ƙaramar ɗiyata ta ce, "Mama, ki sa mata ƙasar ta zuba ruwa da kanta." Na ɗebo busasshiya daga ƙarƙashin rumbu inda ruwa bai taɓa ba, na gwada cokali guda a faranti, na ɗiga ruwa. Ya tashi, ba kamar na jiya ba, amma shi ne. Na ɗinka 'yar jaka da ƙyallen atamfar Inna, na zuba cokali uku cikin leda na sa a ciki, na rubuta: kada ki buɗe sai kin koma, ranar da kika yi kewar gida.

Asabar, 28 ga Yuni

Shafi ashirin da biyu. Da na tara su, bakin ya yi kauri uku na gindin, littafin ya buɗe baki kamar kada. Badukun da na kai wa ya juya shi ya ce, "Hajiya, wanga sai an yi mishi matashi." Ya yanka siraran kwali ya sa tsakanin shafuka ta wajen ɗinki har kauri ya daidaita, ya huda rami huɗu, zai ɗaure da igiyar fata yadda za a iya kwancewa a ƙara shafi. Bango jar fatar akuya. Na ce masa in ta wadda ta ci gawona ce, ya ƙara mini kuɗi ma na yarda. Mun shirya jika huɗu, in karɓa ranar Alhamis.

Hatsin gonar maƙwabci ya yi toho, ganye biyu-biyu. Na roƙi guda uku cikin waɗanda za a cire, suna ƙarƙashin buhu yanzu. Da danshin nan ba za su bushe a kwana biyar ba, sai na riƙa sauya musu takarda kullum don kada su yi fumfuna. Gawon bayan gari ya fara zubar da ganye, gobe zan je in ɗauko hotonsa a tsaye inda na tsaya cikin Afrilu. Jirginsu zai sauka Yamai 9 ga Yuli, kashegari su kamo hanyar Dosso da Konni. Na ce wa baduku ya bar mini farar takarda biyu a ƙarshe, kuma na ajiye mata rabin kwalbar ƙaro.